Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Jama'a, duk mai takardar naira ashirin ya juya bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, kan hanyar Lokoja. Mu da muka zo muka tarar da Gwari a ƙasar nan, bai kamata a ce ba mu san ta ba.

An haife ta wajen 1925, ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara randunanta a fada, can ne Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar tukwanen da ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta iya aiki da injin Turawa sarai, amma randa dai da hannu take gina ta irin na matan Kwali, ta zana ƙadangare, kunama da kifi a jiki. Har Ingila da Amurka haka ta je ta gwada musu.

Ba ta yi boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.