Uwa Ɗaya, 'Ya'ya Bakwai: Tarihin Tsofaffin Kwamfutocin Ofis Kafin Kowa Ya Samu Tasa

Yawancin yaranmu da ke karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa sun taso sun ga kwamfuta abu ce ta mutum ɗaya: ka buɗe ta a cinyarka, ka gama, ka rufe. To akwai zamanin da kwamfuta ɗaya tak ke ɗauke da kamfani sukutum, tana ɗaki nata na musamman mai sanyi, akawu ashirin ko talatin kowa na aiki da ita a lokaci guda daga teburinsa. Irin wannan ita ake kira minikwamfuta, wato matsakaiciya, don ba ta kai manyan na gwamnati da ke cika zaure ba. Amma kada sunan ya ruɗi mai karatu, wata ta fi firijin mai sayar da ƙanƙara girma, ƙarti huɗu ba sa ɗaga ta sai da nishi. Ni da ita na ci abinci shekaru da dama, tun ina Kaduna bayan na baro Maraɗi, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani kafin mu da muka san ta mu ƙare.

Asalin abin daga Amurka ne. Kamfanin DEC ya fitar da PDP-8 a 1965, sai PDP-11 a 1970, sai VAX a 1977, waɗanda jami'o'i da injiniyoyi suka fi so. Kamfanin Wang ma yana da tasa mai suna VS. Ta fannin kasuwanci kuwa, wato albashi da lissafin kaya da bin bashi, IBM ne ya riƙe kambu: System/3 a 1969, System/34 a 1977, System/36 a 1983, kana AS/400 a 1988. A nan gida, IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan tun 1963, kuma a Arewa wanda duk ya koyi wannan aiki da wuya ka ga bai bi ta Zariya ba, inda cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin nan da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978.

Abubuwa biyu ne suka sa riƙe irin wannan inji a Najeriya ya zama sai mai haƙuri. Na farko dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1977, wadda ta nemi wasu kamfanonin waje su sayar da kashi 60 cikin 100 na hannun jarinsu. IBM bai yarda ba, ya tattara ya bar ƙasar a 1978, aikin gyara da kawo kaya ya koma hannun dillalai da injiniyoyin gida, kuma kusan dukkansu suna Legas. Na biyu faɗuwar Naira. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan ɗara Dala. Da gwamnatin Babangida ta kawo SAP ta buɗe kasuwar canji a watan Satumba na 1986, nan da nan Dala ta kai wajen Naira 4, zuwa 1993 kuwa farashin gwamnati ma ya kai Naira 22. Kamfanin da ya sayi injinsa lokacin arha sai ya wayi gari ba zai iya sayen sabo ba, ko allo ɗaya na cikin injin ya ƙone sai an yi taron daraktoci. Dole aka koyi lallaɓa tsoho.

System/36 na fi sani, don haka a kanta zan tsaya. Ƙaramar cikinsu ƙwaƙwalwarta kilobait 128 ce, ma'ajiyarta megabait 30. Wayar da ke aljihunka yau ta ninka wannan sau dubbai, amma da hakan take biyan albashin ma'aikata ɗaruruwa ba tare da kuskuren kwabo ba. Abin da ke gaban akawu allo ne mai koren rubutu da madannai, ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, duk abin da ka buga uwar ce ke sarrafawa. Mu muna ce musu 'ya'ya. Ana haɗa su da uwar ta wata waya mai kauri da ake kira tuwinaks, mai zare biyu a ciki. Daga kowace kafa ta uwar waya ɗaya ce ke fita, ta shiga ɗan fari, ta fita ta shiga na biyu, haka har bakwai, kamar raƙuman ayari a igiya ɗaya. Kowane yana da lambarsa daga 0 zuwa 6, kuma na ƙarshe dole a toshe bakin wayarsa da wani ɗan murfi, in ba haka ba saƙon ya riƙa dawowa yana rikita na gaba.

Rabin gyaran da muka yi a rayuwa a kan wannan igiya yake. Manaja zai sa a matsar da teburinsa kusa da taga, masinja ya zare waya, nan take mutum huɗu da ke bayansa a layi su ga allonsu ya mutu, a fara ihu injin ya lalace. Ko a kawo sabon allo a ba shi lambar da wani ke da ita, su biyun su yi ta ƙifce-ƙifce kamar kishiyoyi. Ko ɓera ya ci waya a cikin silin. Ƙa'idar da maigidana ya koya min ita ce: kada ka taɓa uwar sai ka bi 'ya'yan. Ka duba wa ke aiki, wa ba ya yi. Inda masu aiki suka ƙare, matattu suka fara, to tsakanin nan cutar take. In kuwa dukkansu sun mutu, sannan ka je gaban uwar, akwai wasu lambobi huɗu da take nunawa a goshinta, ka rubuta su, ka buɗe littafin gyara mai kauri kamar ƙamus ka nemo fassararsu. Da yawa daga cikin mu Turancinmu a wannan littafi ya nuna.

Sauran rabin kuwa yanayi ne. An ƙera injin don ƙasar sanyi mai wuta tsayayya. A nan, watan Maris iyakwandishan ya tsaya awa ɗaya, ɗakin ya zama tanda. Da hunturu ƙura ta toshe matatar iska, ga bushewar da ke sa in ka taɓa ƙarfe ya ɗan ja ka, wanda hakan kaɗai na iya kashe allon ciki, shi ya sa wasu ke ajiye bokitin ruwa a kusurwar ɗaki. Da damina tsawa ta bi wayar da aka ja tsakanin gini biyu ta ƙone kafar uwar. Mafi muni shi ne a ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu a ma'ajiya. Wannan ne dalilin da ya sa kowace yamma, kafin a tashi, sai ofareta ya kwafe aikin ranar a kan faifai masu faɗin inci 8, kowane yana ɗaukar abin da bai wuce megabait 1.2 ba, ana jera su goma-goma a cikin wani ɗan akwati a zura. Ofaretan kirki ana gane shi da wannan, ba da iya magana ba.

Haɗa reshe da hedikwata kuma wani labari ne. Sai an nemi layin tarho na musamman daga NITEL, wadda aka kafa a 1985, a sa modam a kowane ɓangare, saƙo na tafiya da gudun 2,400 zuwa 9,600 a daƙiƙa. Kafin zuwan GSM a 2001 layukan tarhon da ke aiki a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Saboda haka garuruwa irin Keffi, da ke ƙarƙashin Jihar Filato har zuwa 1 ga Oktoba 1996, aikinsu a takarda yake: a cike fom a nan, a sa a mota zuwa Jos ko Kaduna, a buga a can, bayan kwanaki a dawo da dogayen takardu masu huji a gefe. Ni a ganina mota ita ce babbar hanyar sadarwar kwamfuta a Arewa har ƙarshen shekarun 1990, kuma direban da ke kai faifai ya fi modam amana, muddin bai ajiye su a rana a gaban mota ba.

Na dawo Keffi da iyali bayan da gwamnati ta tare a Abuja a Disamba 1991, lokacin da haya a can ta fi ƙarfin irinmu, garin kuma bai wuce tafiyar kilomita 50 da 'yan kai ba. Garin da Abdu Zanga ya kafa wajen 1800 dama ya saba da baƙi daga sama, ba mu ne farau ba. A lokacin ƙananan kwamfutoci sun fara cinye kasuwa. Wang ya durƙushe a 1992, Compaq ya saye DEC a 1998. Sai ga fargabar shekarar 2000: tsofaffin manhajojin da aka rubuta da yaren RPG lambobi biyu kawai suke ba shekara, 99 ta wuce sai 00, injin ya ɗauka an koma 1900. Kamfanoni da yawa a nan suka yanke shawarar rabuwa da tsohuwar. Ga bankuna kuma, da Soludo ya ɗaga jarinsu zuwa Naira biliyan 25 a 2004, 89 suka koma 25, Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank, aka haɗe lissafi a sababbin injuna, tsofaffin aka tura sito.

Daga nan neman kayan gyara ya koma kamar farauta. Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba sun cika da kayan tokumbo, amma na ƙananan kwamfutoci. Ka ce tuwinaks yaro ya dube ka kamar ka yi Larabci. Inda ake dacewa shi ne wurin gwanjon kamfanonin da suka rufe, musamman da masaƙun Kakuri suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007, da kuma wurin 'yan gwangwan a Panteka, waɗanda ke sayen inji a kilo don jan ƙarfen da ke ciki. In ka yi latti da kwana ɗaya ka tarar an farfasa da guduma.

Wani zai ce, to meye na damuwa da tsohon ƙarfe? Ba ƙarfen ba ne, abin da ke cikinsa ne. A 2005 wani dattijo ɗan unguwarmu, wanda ya yi shekara 19 a wani kamfani da ya rufe, ya zo min da zancen haƙƙinsu na sallama. Masu raba kadarar kamfanin sun ce a kawo shaidar shekarun aiki da albashin ƙarshe, fayilolin takarda kuwa gara da ruwan sama sun gama da su. Abin da ya rage kwali ne na faifai inci 8 da tsohon ofaretansu ya ɓoye a gidansa. Mun yi kusan wata biyu muna cigiya kafin mu samu injin da ke da rai a wani sito, muka ciro na'urar karanta faifai daga wani mataccen muka dasa masa, muka yi hayar janareta da sitabilaiza. Da ta tashi ma ba a gama ba. Injunan IBM na wannan aji suna rubuta haruffa da tsarin EBCDIC, ƙananan kwamfutoci kuma da ASCII, ga kuɗi ana dunƙule lambobinsu biyu-biyu a gurbi ɗaya don tsimin wuri. In ka kwafe kai tsaye sai ka ga shirme. Dole muka samo katin da ke sa ƙaramar kwamfuta ta yi shigar ɗan uwar, ta hau igiyar da lambarta kamar kowa, sannan muka jawo fayil ɗin ta hanyar da ke fassara shi. Faifai uku sun yi funfuna ba su karantu ba, amma da yake ofaretan nan mai kwafe aiki ne kowace yamma, abin da ya ɓace a na Talata mun same shi a na Laraba. Sunayen suka fito da ranar ɗauka aiki da matakin albashi, har da na waɗanda suka rasu suka bar mata da yara. Ban san sunan da zan kira ofaretan nan da shi ba sai mai amana. Shekara da shekaru ba wanda ya biya shi ko sisi don ajiyar wannan kwali.

Zuriyar waɗannan injuna ba ta ƙare ba. AS/400 ta canza suna zuwa iSeries a 2000, tun 2008 kuma ake kiran tsarinta IBM i, kuma tana iya gudanar da yawancin manhajojin System/36. Na DEC kuwa akwai manhajar SIMH da Bob Supnik ya fara, wadda ke sa kwamfutar cinya ta kwaikwayi PDP-11 ko VAX. Wahalar yanzu ita ce na'urar karanta faifan da tef ɗin kansu, don an daɗe da daina ƙera su, robobin cikinsu kuma suna narkewa da zafi. Duk wanda ke da irin wannan kwali a gida, na mahaifinsa ko na tsohon wurin aikinsa, ya ajiye faifan a tsaye cikin rigunansu, a wuri mai bushewa, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu, kuma kada ya bari yara su goge rubutun da ke jikin takardar, don a nan ne ofareta ke sa sunan fayil da kwanan wata.