Shekarar Da Ciyawa Ta Cinye Filin Ƙwallo

Kwanakin baya ina neman wata takardar fili a cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye takardu, sai hannuna ya kai kan wani takunkumin fuska na yadi, shuɗi, an rubuta lamba 6 a jikinsa da biro. Na babban ɗana ne, lambar rigarsa ce ta ƙwallo lokacin yana kwaleji a nan Potiskum. Na jima ina jujjuya shi, daga nan na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani a shekarar 2020 tun kafin mantuwa ta ci rabinsa, domin na lura har an fara ba da labarin korona kamar a wata ƙasa aka yi ta.

Mai karatu da ba ɗan nan ba ne, ya kamata ya fara sanin ko mu su wane ne. Kakana daga ƙasar Gaya ya taso da jakunansa yana fataucin goro da fata, ya sauka a Fataskum, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran garin, 'yan shekaru bayan Mai Fika ya dawo da fadarsa nan a 1924. Gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa, ga Fulani ga Barebari, mu kuma muka zo muka samu wuri har akwai mazaɓar da ake kira Hausawa. Da yake kowa Hausa yake ji a kasuwa da tasha da masallaci, baƙo zai ɗauka babu wani bambanci. To amma ranar da yaro ya je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ko gurbin aiki, ranar ce ake tambayarsa daga ina kakansa ya zo. A iya sanina wuri ɗaya ne ba a yi mana wannan tambaya, wato filin ƙwallon makaranta. A can abin da ake tambaya kawai shi ne, ka iya ko ba ka iya ba.

Annoba ba baƙuwarmu ba ce. Kakan nan nawa yana yaro aka yi marisuwa, murar 1918 da ta sauka Legas a jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo layin dogo har Kano. Yakan ce a garinsu an bar dambe da kokawa na kakar wannan shekarar, ba don wani ya hana ba, sai don makaɗan da 'yan wasan duk suna kwance. Ni kuma tawa ita ce sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000, akasari a Arewa. Ina ɗalibi a lokacin. Aka ce mana cunkoso a ɗaki cikin zafi shi ke yaɗa ta, saboda haka muka kwashe tabarmi da katifu muka koma kwana a filin ƙwallo. Ka ga filin da muke wasa da yamma shi ne ɗakin kwananmu da dare, kuma ba a fasa wasa ko na yini ɗaya ba. A watan Agusta na shekarar ne Nijeriya ta ci Ajantina 3 da 2 ta ɗauki zinare a Atlanta, muka kwana muna ihu a titi kamar ba mu ne muka yi ta zaman makoki watanni huɗu da suka wuce ba.

Abin da ya fara raba mu da fili da gaske shi ne rikicin Boko Haram. Ba na son in daɗe a nan, kowa a garin nan yana da wanda ya rasa. An kafa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa a watan Mayun 2013, aka katse layukan waya. Ranar 6 ga Yuli aka kashe ɗalibai a makarantar sakandaren Mamudo, gwamnati ta rufe makarantun sakandaren jihar. Ranar 17 ga Yunin 2014 bam ya tashi a wajen kallon ƙwallo a Damaturu ana kallon Brazil da Mexico. Ranar 10 ga Nuwamba ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga taron safe na makarantar kimiyya a nan cikin gari, yara fiye da 40 suka rasu. Ranar 8 ga Mayun 2015 kuma aka kai hari kwalejin da a lokacin ake kira CABS. A waɗannan shekaru taro shi ne abin tsoro, ko wane iri ne. Duk da haka akwai wani abu da na lura da shi: tsoron na wanda zai shigo daga waje ne. Idan an caje kowa a bakin ƙofa, to na ciki sun zama ɗaya, ɗan Dogo Tebo da ɗan Yerimaram da wanda ya zo daga Gombe ko Jos duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Hasali ma zumuncin ɗalibai ya fi ƙarfi a lokacin.

Korona ta zo da nata salon daban. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Legas, mu a nan muna cewa ciwon masu hawa jirgin sama ne. Kafin Maris ya ƙare Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe manyan makarantu, har da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan garin, aka kuma ɗage gasar wasanni ta ƙasa da za a yi a Edo saura 'yan kwanaki a buɗe ta. Ɗana ya dawo gida da jakarsa da takalmin ƙwallonsa a rataye a wuya, ya ce, "Baba, sun ce wata ɗaya ne." Suna tsakiyar gasar da ake yi tsakanin sassan kwalejinsu, sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Wata ɗayan nan sai da ya zama kusan bakwai.

Wannan karon ba na waje ake tsoro ba, numfashin abokinka ne abin gudu. Babu ƙofar da za a tsaya a caje shi. Ɗaliban da suka zo daga nesa suka hau mota suka tafi, daga baya ma aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli, ko suna so ba su iya dawowa. 'Yan gari kuwa kowa ya koma unguwarsu.

Ba zan ce samari sun zauna sun naɗe hannu ba. Da asuba bayan an idar da salla sai ka gan su bibbiyu ko uku-uku suna gudu a gefen hanyar Gashuwa ko ta Damaturu, hanyoyin da a da tireloli ba sa barin mutum ya saki jiki a kansu. Kyaftin ɗin su ɗana, wani yaro ɗan ƙabilar Karekare mai natsuwa, ya buɗe musu zaure a WhatsApp, kullum yana aiko da abin da kowa zai yi: tsalle da igiya kaza, zagaye kaza. Suka riƙa gasar wanda zai fi daɗewa yana buga ƙwallo sama ba ta taɓa ƙasa ba, kowa ya ɗauki bidiyo ya tura. Abin ya yi armashi na sati uku ko huɗu, sai kuɗin data da rashin wutar caji suka kashe shi. A nan ne na gane maganar karatu ta intanet da ake ta yi a rediyo ba da 'ya'yanmu ake ba. Sai aka koma abin da aka sani, wato biyar-biyar a filin firamare ko wani kango bayan la'asar, duwatsu biyu su ne raga, a sa ƙaramin yaro a bakin lungu yana gadi ko motar jami'an tsaro za ta ɓullo. Wasu suka tono langa da suka bari tun suna firamare, abin dariya, wasan da gaba ɗayansa ture-ture ne da kama juna, a lokacin da ake cewa a bar tazara. Dattawa dai dararsu suka ci gaba da yi a gindin bishiya.

Waɗanda ba a maganarsu su ne 'yan mata. 'Yar ƙanwata tana buga ƙwallon raga a kwaleji, kuma ta iya ƙwarai. Namiji idan an rufe makaranta yana da kango, yana da majalisa, yana da teburin mai shayi. Ita fa? Babu unguwar da budurwa za ta fita ta kafa raga a garin nan, ni ma da nake wannan rubutu ban ce zan bar tawa ta yi ba, gaskiya ɗaya ce. A cikin katangar makaranta kaɗai take da wannan dama, da ta zama da ƙawaye waɗanda ba dangi ba. Kafin a buɗe makarantu an ɗaura mata aure, tare da wasu ƙawayenta biyu. Ta koma ta ƙarasa karatunta, alhamdu lillahi, amma ba ta sake taɓa ƙwallo ba.

Azumin shekarar ya kama daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, cikin tsananin zafi, kuma a daidai lokacin ne aka yi ta mace-macen tsofaffi, a Kano da farko, sannan nan da Gashuwa, har jaridu suka ɗauka. An yi ta gardama a kan dalili, wasu su ce zafi da azumi, wasu su ce masu hawan jini da ciwon suga ne suka kasa ganin likita, wasu su ce korona ce ake ɓoyewa. Abin da na gani da idona shi ne akwai ranar da na je jana'iza uku tsakanin azahar da magariba. Cikin waɗanda muka rasa har da wani Alhaji dillalin shanu, maƙwabcinmu, wanda shekara da shekaru shi ke saya wa yaran unguwa riguna da ƙwallo ba tare da ya taɓa zuwa kallo ba. Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa yaran da kansu suka dakatar da wasa har bayan salla.

Da aka dawo da gasar Firimiya ta Ingila ranar 17 ga Yuni, babu 'yan kallo a filayen, sai ihun ƙarya da ake sakawa a talabijin, samarinmu suka samu abin yi. Na taɓa leƙa zaurenmu na tarar da mutum bakwai sun haɗa kai a kan waya ɗaya, takunkumin kowa a haɓa. Turawa sun kwashe mutane daga fili don kada a cunkushe, mu kuma mun cunkushe don mu kalli filin da babu kowa. Liverpool ta ɗauki kofin ranar 25 ga Yuni bayan shekara 30, magoya bayanta na unguwarmu suka yi ta murna a lungu ƙasa-ƙasa saboda dokar hana fitar dare.

A watan Oktoba aka ba da izinin buɗe makarantu. 'Yan jami'a ba su koma ba, domin ƙungiyar ASUU tana yajin aikin da ta fara tun Maris, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. 'Yan kwaleji suka koma suka tarar damina guda ta wuce a kan filin babu wanda ya taka shi. Ciyawa ta kai gwiwa, ga ƙaya, ga tururuwa sun yi gini a gaban raga. Ɗalibai da kansu suka yi karo-karo, suka kawo lauje da fartanya daga gida suka yi gayya kwana biyu. Aka ajiye bokitin wanke hannu a ƙofa, aka bar gaisawa da hannu kafin wasa sai dai a haɗa gwiwar hannu, bokitin ruwa da kofi ɗaya da kowa ke sha aka maye shi da ledar fiya wata. An matse zangon karatu don a cike gurbin watannin da aka rasa, lakca har yamma har Asabar, saboda haka lokacin wasa ya ragu. Ranar al'adu, wadda a cikinta kowace ƙabila ke fito da rawarta da abincinta, ba a yi ta ba a shekarar. Manyan gasanni ma sun jima ba su farfaɗo ba: ta Edo sai Afrilun 2021, ta jami'o'i wato NUGA sai Maris ɗin 2022 a Legas.

Amma ciyawar ba ita ce babbar ɓarnar ba. Wata bakwai ɗana yana wasa da 'ya'yan Hausawa 'yan'uwansa kaɗai, sauran ma kowa da 'yan unguwarsu da 'yan yarensu. Da suka dawo sai ya zamana idan za a raba ƙungiya a atisaye kowa nasa yake ja. A sati na biyu aka yi wa ɗana keta, ya tashi da faɗa, sai wani yaro da suka shekara biyu suna cin abinci a kwano ɗaya ya ce masa, ai dama ku baƙi haka kuke. Ya dawo gida ransa a ɓace, ya ce, "Baba, ni na bar ƙwallon makaranta, ta unguwa ta ishe ni." Na ce masa kakana ma an faɗa masa haka, ni ma an faɗa mini, amma ban taɓa jin an faɗe ta a cikin fili ba sai yau. Wannan ya dame ni fiye da yadda na nuna masa.

Kyaftin ɗin nan nasu ne ya zo har gida bayan isha'i, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, a ba ni aron ɗan'uwana gobe." Dabarar da ya yi mai sauƙi ce. Ya hana kowa zaɓen abokin wasa. Ya tara murafen kwalaben lemo 22 a cikin hula, rabi ja rabi kore, kowa ya sa hannu ya ɗauka ba tare da ya duba ba, launin da ka ɗauka shi ne ɓangarenka na ranar. A ranar farko ɗana da wanda ya kira shi baƙo duk kore suka ɗauka, ɗaya lamba 6 ɗaya lamba 5, dole su yi magana da juna ko a zura musu. An zura musu biyu kafin su fara.

Gasar da aka bari a wasan kusa da na ƙarshe ba a taɓa ƙarasa ta ba, domin rabin 'yan wasan ɗaya sashen ba su dawo ba, wasu sun kama kasuwa, wasu sun bi tirela Legas. Ɗana ya gama a makare da kusan shekara guda, yanzu yana koyarwa a wata firamare a hanyar Fika, shi ne kuma mai kula da wasanninsu. Da na nuna masa takunkumin sai ya yi dariya ya ce in ajiye masa, hular da murafen kuwa suna wajen kyaftin.