Dogon Barno da Bashin Bankin Duniya

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani yaro mai sayar da kayan waya ya tare ni, ya ce, "Malam, wai wannan jirgin na Moniya da aka yi da bashin Sin, mu zai amfana ko su?" Na ce masa tambayarka ta girme ka, ta ma girme ni. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Dogo ya iso nan Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Turawa auduga suke hari, don masaƙunsu na Ingila. Sai manoman Kano suka auna suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga shi in ciniki ya ƙi ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Kan ka ce kwabo gyaɗa ta cika tasha. Wannan dogon ne ya kashe tsohuwar hanyar fatake ta Gwanja, goro ya koma bin jirgi, shanu na gangarowa Kudu, huhunan goro na hawa Arewa. Sabo ɗinmu da aka kafa a 1916, a kan wannan cinikin ta tsaya da ƙafarta.

Amma abin da na fi so ku sani shi ne na Barno. A 1958, tun ba a ba mu mulkin kai ba, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 saboda jirgin ƙasa. Shi ne bashinsa na farko ga Nijeriya. Dabarar masana raya ƙasa a wancan zamani ita ce, ƙasar da ke nesa da teku a ja mata dogo har gaɓa, amfanin gonarta ya fita waje, kuɗi ya shigo. Aka ɗauko layi daga Kuru kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, wajen mil 400, ya sauka Maiduguri a 1964. Gyaɗa da auduga da fatu suka samu hanyar zuwa Fatakwal da Ikko.

To wa ya ci riba? Manomi ya samu, ba a musu. Sai dai hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka farashi, ita ke sayarwa waje, rarar kuma ba hannunsa take komawa ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan ce tarago ya tafi da ɗanyen kaya ya dawo da atamfar Turai, su kuwa masaƙan gida suna kallo. A ganina nan gizo ke saƙar: an buɗe ƙofa, amma ba mu muka zaɓi abin da zai shiga da abin da zai fita ba.

Dogon bai ma daɗe yana cin moriya ba. Fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, tireloli suka ƙwace dakon kaya. Dalar gyaɗa ta ɓace.

Sabon layin Ikko zuwa Ibadan an buɗe shi a 2021. Na tambayi yaron nan me yake aikawa ƙasar Sin in kwantenarsa ta iso Apapa. Ya yi dariya ya ce, "Kuɗi, Malam."