Sifikar da ba ta yi wa mai waƙa ƙarya

Yau tarihin sifika za mu taɓa, amma bari in fara da abin da ya same mu.

Shekarun baya ni da samarin ƙauyenmu a yankin Ɗambatta muka shirya waƙar wayar da kai kan shaye-shaye. Karo-karo muka yi, wani har buhun gyaɗarsa ya sayar, muka shiga wani situdiyo a cikin Kano. Da mai kiɗan ya kunna mana a manyan sifikun biki, wallahi har ƙirji muke jin dukan. Da muka dawo gida muka raba a memori, sai ga kiɗa ya danne murya a waya. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, kiɗa dai na ji, amma me kuke cewa?" Nan jikina ya yi sanyi.

Daga baya na gano inda aka samu matsala. Sifikar biki an ƙera ta ne don ta ƙara armashi, tana kumbura gurnanin ganga, tana rufe aibi. Ita kuwa wadda ake kira monita aikinta ta fito da sauti yadda yake, ba ƙari ba ragi, don mai haɗa sauti ya ji kuskure tun waƙa ba ta fita ba.

To ga tarihin. A 1978 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da wata sifika mai farin tsakiya, NS-10. Don ɗakunan gida aka yi ta, amma masu saye ba su yi na'am da ita ba, saboda sautinta ba taushi. Sai masu haɗa sauti a Amurka da Ingila suka lura cewa duk waƙar da ta yi daɗi a kanta, to za ta yi daɗi ko'ina. Wani gwani, Bob Clearmountain, har takardar tishu yake liƙa wa ƙaramin bakinta don rage kaifi. An daina ƙera ta a 2001, amma har yau tana nan a manyan situdiyo. Kafin ita akwai Auratone, 'yar mitsitsiya kamar akwatin sabulu. Bruce Swedien, wanda ya haɗa sautin kundin Thriller na Michael Jackson a 1982, yana gwada aikinsa a kanta, don ya ji abin da mai ƙaramar rediyo zai ji.

Mu a nan fa? Zamanin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, murya ce gaba, kiɗa yana biye. Shi ya sa ko a tsohuwar rediyo a bakin gona kana tsintar kowace kalma. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, sana'ar fim ta buɗe a Kano, zuwa ƙarshen shekarun 1990 kuma fiyanon Yamaha ya shiga situdiyo irin na Iyan-Tama, kiɗan nanaye ya bunƙasa. Sai kwamfuta ta zo, kowa ya iya buɗe situdiyo a shago ɗaya. Ci gaba ne, ba musu. Amma da yawa an sayi fiyano da makirufo, an bar sifikar da za ta faɗi gaskiya.

Kuma Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Idan murya ta nutse, ma'ana ta tafi, wanda ya sayar da gyaɗarsa ya yi asara.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka biya cikon kuɗi, tambayi mai situdiyo a kan wace sifika ya tace aikin. Sannan ka ce a tura maka a waya, ka fita waje cikin hayaniyar babura ka saurara. In ka ji kowace kalma, biya. In ba ka ji ba, a koma a gyara. Mutanenmu a waya da rediyo suke saurare, su ne alƙalai.

Ku faɗa mana a ƙasa ko kun taɓa cin karo da irin wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.