Fihirisar kalmomi da nazarin «Littafin Doka» na Thelema: amfaninta da iyakarta

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala za ta duba wata matsala ta hanyar bincike: yaya masanin tarihi zai yi nazarin littafin da mabiyansa suka ɗauka mai tsarki, alhali marubucinsa ya hana a tattauna shi? Misalin da muka ɗauka shi ne Liber AL vel Legis, wato «Littafin Doka», tushen aƙidar Thelema. Abin aikin da za mu auna kuwa shi ne fihirisar kalmomi, wadda Faransawa ke kira concordance: kundi ne mai jera kowace kalma ta littafi bisa tsarin abjadi, tare da duk wuraren da ta fito da abin da ke kewaye da ita.

2. Asalin fihirisa

Irin wannan aiki ya girmi Thelema da ƙarni bakwai. Wajen shekara ta 1230, limaman ɗariƙar Dominika na gidan Saint-Jacques a Paris, ƙarƙashin Hugues de Saint-Cher, suka haɗa fihirisa ta farko ta Baibul na Latin. A lokacin ba a lambance ayoyi ba tukuna, saboda haka suka raba kowane babi kashi bakwai, daga harafin a zuwa g. Alexander Cruden ya fitar da tasa ta Baibul na Ingilishi a 1737. A ɓangaren Alƙur'ani, Gustav Flügel ya buga tasa a Leipzig a 1842, sannan Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi ya fitar da al-Mu'ujam al-Mufahras a Alƙahira a 1945, wanda malamanmu suka sani sarai. Darasin da ke cikin wannan tarihi ɗaya ne: fihirisa ba ta yiwuwa sai an tsayar da matani guda, an kuma yarda da hanyar nuna wuri a cikinsa.

3. Littafin da sharaɗinsa

Aleister Crowley (1875-1947), mutumin Ingila, ya rubuta littafin a Alƙahira a ranakun 8, 9 da 10 ga Afrilu 1904, babi ɗaya kowace rana. Ya yi da'awar cewa wata murya mai suna Aiwass ce ta yi masa shifta. Babi uku ne, ayoyi 220: 66 a na farko, 79 a na biyu, 75 a na uku, kowane babi da bakin wani abin bauta mai suna irin na tsohuwar Masar: Nuit, Hadit da Ra-Hoor-Khuit. An fara buga shi a 1909, kuma hoton rubutun hannun, mai shafi 65, ya fito a mujallar The Equinox a 1912.

Sharuɗɗa biyu suka ɗaure mai karatu. Na farko yana cikin matanin kansa, wanda ya hana a sauya ko da siffar harafi ɗaya. Na biyu shi ne gajeren sharhin da Crowley ya rubuta a Tunis a 1925, inda ya hana nazarin littafin da tattauna abin da ke cikinsa, ya ce kowa ya warware tambayoyinsa shi kaɗai ta hanyar komawa ga rubuce-rubucen Crowley. Masanin tarihi ba ya ƙarƙashin wannan hani, amma dole ya san da shi, domin shi ne ya sa fihirisa ta samu karɓuwa a wurin mabiya: ba ta fassara, ba ta yanke hukunci, jerawa kawai take yi. A 2008 Colin D. Campbell ya buga fihirisar littattafan Thelema masu tsarki.

4. Abin da fihirisa ke nunawa

Amfani na farko shi ne gano ma'anar kalma daga cikin littafin kansa. Sunan aƙidar, thelema, kalmar Girkanci ce mai nufin «nufi» ko «irada». In aka jera duk wuraren da kalmar Ingilishi will ta fito, sai a ga cewa a wasu tana nufin irada, a wasu kuwa alamar lokaci mai zuwa ce ta nahawu kawai. Wanda ya ƙirga su a dunƙule zai gina hujja a kan iska.

Amfani na biyu shi ne bin sawun aro. Crowley ya tashi a gidan Kiristoci masu tsanani na Plymouth Brethren, kuma sunaye irin su «Dabba» da «Mace mai Jan Tufa» suna komawa ga Wahayin Yahaya. Sunan Thélème kansa Rabelais ya riga ya yi amfani da shi a Gargantua tun ƙarni na 16. Haka nan kalmomin alƙibla da Ka'aba sun fito a babi na uku, an ɗora su a kan ibadar da ba ta da dangantaka da Musulunci, kuma a babin nan ne aka zagi addinan da suka gabata, har da Kiristanci da Musulunci. Fihirisa ce ke ba da damar a ce wannan aro ya taru a wuri kaza, ba a warwatse yake ba, a kuma haɗa shi da zaman marubucin a Alƙahira.

Amfani na uku ya shafi lissafin haruffa. Mabiya suna ba kalmomi ƙimar lamba: thelema da agape, wato ƙauna, kowace 93 ce a lissafin Girkanci. Ta irin wannan lissafi ne, bayan binciken Charles Stansfeld Jones na 1918, aka sauya sunan littafin daga Liber L zuwa Liber AL. Da fihirisa, mai bincike na iya gwada ko wata da'awa ta dace da dukan wuraren da kalma ta fito, ko kuwa an zaɓi waɗanda suka dace ne aka bar saura.

5. Iyakarta

Fihirisa tana biye da bugun da aka gina ta a kansa. Rubutun hannu na 1904 kuwa ba hannu ɗaya ba ne: matar Crowley, Rose Kelly, ta cike gurbi a aya ta 60 ta babi na farko da aya ta 72 ta babi na uku. Baitocin da aka ɗauko daga fassarar allon Ankh-ef-en-Khonsu, mai lamba 666 a gidan tarihi na Alƙahira, ba a rubuta su cikakku a wurarensu ba. Daga baya aka shigar da su. A cikin waɗannan baitoci ne gardama ta tashi a 2013, lokacin da shugabancin ƙungiyar O.T.O. ya sanar cewa a aya ta 37 ta babi na uku za a karanta kill a maimakon fill, bisa wani gyara da Crowley ya yi da hannu a kwafinsa na bugun 1909. Harafi ɗaya ne ya raba «kashe» da «cika», amma fihirisar da aka yi kafin wannan shekara da wadda ta bi gyaran ba za su ba da lissafi ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ba kalma ba ne. Jerin lambobi da haruffa na aya ta 76 a babi na biyu, da layin da aka ja a kan wani shafi na babi na uku, ba su shiga tsarin abjadi.

6. Kammalawa

Ke nan fihirisa mataki ne na biyu. Na farko shi ne tantance matani. Duk wanda zai kafa hujja da ita ya kamata ya faɗi bugun da ta bi, ya gwada da hoton rubutun hannu, ya kuma ware ƙarin da aka yi daga baya. Yau kwamfuta na fitar da jerin kalmomi nan take, aikin da Roberto Busa ya fara da IBM a 1949 kan rubuce-rubucen Thomas d'Aquin ya kuma ɗauki shekaru da dama. Saurin ya ƙaru, amma tambayar ba ta sauya ba: wane matani aka ba na'urar? Ita ce kuma tambayar da ke jiran ɗalibanmu masu son yin fihirisar waƙoƙin ajami, inda kwafi biyu na waƙa ɗaya ba kasafai suke daidaita ba.