ƘANANAN MOTOCIN DA AKE KOYA WA HAƘURI A TITI

Jama'a, ana ta yaɗa bidiyon motoci masu tuƙa kansu a Amurka da Sin, kowa na mamakin motar da ba direba. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne wani ɓangare na tarihin nan da ba a cika faɗa ba. Tun farko, wasu muhimman gwaje-gwajen a kan 'yan ƙananan motoci aka yi su, irin waɗanda yaro zai gani ya ce a saya masa.

A 1939, a bikin baje kolin duniya na birnin New York, kamfanin General Motors ya nuna wani ƙaramin gari da aka ƙera, mai suna Futurama. Dubban 'yan motoci ne a kan tituna, ana nuna yadda za a yi tafiya a 1960, na'ura na kula da tazarar da ke tsakanin mota da mota. Wannan mafarki ne kawai. Amma a 1953 injiniyoyin kamfanin RCA suka shimfiɗa wayoyi a daɓen ɗakin gwajinsu, wata 'yar mota ta riƙa bin su da kanta. Bayan shekara huɗu, a 1957, aka gwada dabarar da motoci na gaske a wani guntun titi kusa da garin Lincoln a jihar Nebraska.

A 1997 kuma, a San Diyego, motoci takwas suka jera a babban titi suna sharara gudu, tazarar mita 6.5 kacal tsakaninsu, ba mai riƙe sitiyari. An binne maganaɗisu a titin, motocin kuma suna aika wa juna saƙo ta rediyo: ta gaba na taka burki, na baya sun sani nan take. Abin ya yi kyau, sai dai irin wannan gwajin yana cin kuɗi, ga rufe titi, ga haɗari.

To me ya sa dole sai motocin sun yi magana da juna? Wani gwaji na Japan da aka wallafa a 2008 ya ba da amsa. An sa motoci 22 a da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowane direba ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Ba shingen bincike, ba rami, ba motar da ta lalace. Amma ba a jima ba gosulo ya haɗu. Wani ya ɗan taɓa burki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wancan ya tsaya cak. Kun ga ke nan cunkoso na iya haifar kansa da kansa, don kowa ƙeyar na gabansa kawai yake gani.

Idan ana son maganin wannan, sai an gwada motoci da yawa a lokaci guda. Wace jami'a ce za ta sayi motoci ashirin masu tuƙa kansu, ta kuma yarda su yi karo? Ga batun rai: a watan Maris na 2018 wata motar gwaji ta kaɗe wata mata har lahira a jihar Arizona. Su kuwa ƙananan motoci, in sun yi karo, ɗalibi ne zai sunkuya ya mayar da su kan layi, shi ke nan.

Shi ya sa masu bincike suka koma wa dabarar 1953. A 2016 jami'ar MIT ta fara wani darasi mai suna Duckietown, inda ɗalibai ke haɗa 'yan motoci masu kyamara ɗaya da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, suna yawo a garin roba, fasinjojinsu agwagin wasa. Jami'ar Delaware ta gina nata ƙaramin garin, haka ma jami'ar Aachen a Jamus.

Gwajin da ya fi burge ni na jami'ar Kambirij ne a Ingila, a 2019, a ɗakin binciken Amanda Prorok. Motoci 16 a titi mai layi biyu. Sai a tsayar da ɗaya a layin ciki, kamar ta lalace. Lokacin da kowace mota ke kallon kanta kawai, layi ya taru a bayan wadda ta tsaya, suna jiran a ba su hanya, ba mai bayarwa. Da aka bar su suna sanar da juna niyyarsu, sai na layin waje su ɗan sassauta, na ciki su shige. Yawan motocin da ke wucewa ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari. Ba a ƙara faɗin titi ba, ba a ƙara wa kowace ƙarfin inji ba. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a shataletale, kowa ya cusa hancin motarsa, ya san me wannan lissafin ke nufi.

Amma fa kar mu ɗauka an gama. 'Yar mota a ɗaki ba ta san ruwan sama ba, ba ta san santsin kwalta ba, balle ɗan acaɓan da zai ɓullo ta hannun da ba nasa ba. A yawancin ɗakunan nan kyamarori ne a sama ke gaya wa kowace mota inda take, abin da babu shi a titi. Amfaninsu shi ne tace dabaru: wadda ta faɗi a ɗaki ba sai an kai ta inda za ta ci rai ba.

Abin da nake so malamanmu na sashen injiniya su duba shi ne, wannan fagen bai fi ƙarfinmu ba. Su Duckietown sun saki zanen motocinsu da manhajarsu kyauta a intanet, kayan haɗin kuma ba na miliyoyin daloli ba ne. Ɗaki ɗaya da ɗalibai masu himma sun isa a fara. In akwai wata jami'a ko kwalejin fasaha tamu da ta riga ta soma, don Allah a sanar da mu, mu yaɗa. Allah Ya kiyaye mana hanya.