Sadaka Daga Albashi A Birtaniya: Bayani Kan Tsarin Payroll Giving

Payroll Giving tsari ne a ƙasar Birtaniya wanda ma'aikaci ke bai wa wurin aikinsa izinin cire wani adadi daga albashinsa duk ranar biya, a miƙa wa ƙungiyar agajin da ya zaɓa. Ana cire kuɗin ne tun kafin a lissafa haraji, wato harajin da gwamnati za ta karɓa a kan wannan kuɗi shi ma sai ya bi sadakar. Mai karɓar fansho daga tsohon wurin aikinsa shi ma yana iya shiga, muddin ana cire masa haraji ta hanyar PAYE kuma masu biyansa suna gudanar da tsarin.

Tarihinsa

Ministan kuɗi Nigel Lawson ne ya ba da sanarwar tsarin a kasafin kuɗin 1986, aka fara aiki da shi a watan Afrilun 1987. A lokacin mutum ba zai wuce £120 a shekara ba. An yi ta ɗaga wannan iyaka har ta kai £1,200, sa'annan a shekarar 2000, zamanin da Gordon Brown yake ministan kuɗi, aka soke ta baki ɗaya. Daga 2000 zuwa 2004 gwamnati ta riƙa ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da ma'aikaci ya bayar, amma wannan ƙari ya ƙare tun 2004. Wasu wuraren aiki suna kiran tsarin Give As You Earn, sunan da ƙungiyar Charities Aid Foundation ta sa wa nata.

Yadda kuɗin ke tafiya

Hannu huɗu kuɗin ke bi:

1. Ma'aikaci ya cike fom, ya faɗi nawa za a cire da sunan ƙungiyar da za a bai wa. Yana iya raba kuɗin wa ƙungiya fiye da ɗaya.
2. Ofishin biyan albashi ya cire kuɗin bayan an lissafa kuɗin inshorar ƙasa, wato National Insurance, amma kafin harajin albashi.
3. Wurin aiki ya aika kuɗin ga wakilin da hukumar haraji ta HMRC ta amince da shi. Cikin waɗannan wakilai akwai Charities Aid Foundation, da Charities Trust, da Charitable Giving.
4. Wakili ya rarraba wa ƙungiyoyin da aka zaɓa.

Wakili yakan ɗauki ɗan ladan aikinsa daga cikin kuɗin, sai dai akwai wuraren aikin da ke biya wa ma'aikatansu wannan lada. Wasu kamfanonin ma suna ƙara nasu a kan abin da ma'aikaci ya bayar. Doka ba ta tilasta wa kowane wurin aiki gudanar da tsarin ba, don haka matakin farko shi ne a tambayi ofishin biyan albashi.

Lissafi

A Ingila, Wales da Arewacin Ireland, idan aka cire wa mutum £10:

Mai biyan harajin kashi 20 cikin 100, albashinsa zai ragu da £8.
Mai biyan kashi 40 cikin 100, zai ragu da £6.
Mai biyan kashi 45 cikin 100, zai ragu da £5.50.

Misali, injiniya ko likita mai biyan kashi 40 da ya yi alkawarin £50 a wata: abin da zai fita daga aljihunsa £30 ne, wato £360 a shekara, alhali £600 aka aika da sunansa. Mazauna Scotland matakan harajinsu daban ne, don haka lissafinsu ya ɗan bambanta. Wanda kuwa albashinsa bai kai mizanin biyan haraji ba, wanda yake £12,570 a shekara tun daga 2021, ba shi da harajin da za a rage masa. Duk abin da aka cire daga aljihunsa ya fito.

Bambancinsa da Gift Aid

An kafa Gift Aid a 1990. A nan mutum yana ba da sadaka ne daga kuɗin da aka riga aka cire wa haraji, sa'annan ƙungiyar ta nemi HMRC ta mayar mata da £1 a kan kowane £4. Ga mai biyan kashi 20, hanyoyin biyu kusan ɗaya ne: ya fitar da £8, ƙungiya ta sami £10. Bambancin yana ga mai biyan kashi 40 ko 45. A Gift Aid sai ya nemi ragowar rangwamensa da kansa daga HMRC, wanda kuwa bai nema ba ya bar wa gwamnati. A Payroll Giving rangwamen duka yana fitowa nan take a takardar albashi. Ba a haɗa biyun a kan kuɗi ɗaya.

Wa za a iya bai wa?

Nan ne 'yan'uwa suka fi yin kuskure. Kuɗin da ake aika wa iyaye a Kano, Zinder ko Kumasi ba ya shiga wannan tsari, komai girman ladansa. Haka nan gudummawar gina masallaci ko islamiyya a gida, idan kwamitin ba shi da rajista a nan. Tilas ƙungiyar ta kasance ta Birtaniya, wadda HMRC ta san da ita. Amma ƙungiyar Birtaniya tana iya yin aikinta a ƙasashen waje. Islamic Relief, wadda aka kafa a Birmingham a 1984, tana aiki a Jamhuriyar Nijar tun lokacin ƙarancin abinci na 2005. Akwai kuma Muslim Aid ta Landan da Muslim Hands ta Nottingham. Masallatai da majami'u da yawa na unguwanninmu ma suna da rajista.

Kafin a rubuta sunan kowace ƙungiya a fom, a nemi lambar rajistarta a duba a shafin intanet na Charity Commission idan a Ingila ko Wales take, ko na OSCR idan a Scotland take. A can za a ga rahoton kuɗinta na shekara, da ko tana miƙa shi a kan lokaci.

Batun zakka

Tsarin ya fi dacewa da sadakar yau da kullum. Zakka tana da nisabi da lokaci, kuma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade mutanen da ake bai wa. Mai son fitar da ita ta wannan hanya sai ya tabbatar ƙungiyar tana ware kuɗin zakka daban, kuma za ta gane nasa idan ya iso ta hannun wakili. Ya kuma tuna ladan wakili na rage abin da zai isa, kuma kuɗin kan ɗauki makonni a hanya. Hukuncin kason da ya fito daga rangwamen haraji, wannan a kai shi gaban malami.

Abubuwan lura

Kuɗin da aka riga aka cire ba a mayar da shi, amma ana iya ragewa, ƙarawa ko dakatarwa ta hanyar sanar da ofishin albashi. Idan mutum ya bar aiki, cirewar ta tsaya. Sai ya sake cike fom a sabon wuri. Mai son ɓoye sadakarsa yana iya neman wakili kada ya ba ƙungiyar sunansa. A riƙa duba takardar albashi don tabbatar da abin da aka cire ya yi daidai da abin da aka rubuta.

Shawara ga magidanta: a fara da abin da ba zai taɓa kuɗin haya, cefane da na aikawa gida ba, ko da £5 ne a wata. Idan ƙarin albashi ya zo, sai a ƙara. Allah Ya karɓa mana, Ya sa albarka cikin nemanmu.